Sinanci a Manhaja, Turanci a Aji: Me Ke Sa Koyon Baƙon Harshe Yin Wuya?

A watan Satumba na 2025 labari ya fito daga Abuja cewa harshen Sinanci ya shiga sabuwar manhajar babbar sakandare, cikin harsunan waje da ɗalibi zai iya zaɓa tare da Faransanci da Larabci. Ba a rufa wata uku ba, a watan Nuwamba, Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar, a Abujar dai, cewa an soke tsarin 2022 da ya ce a koyar da yaran firamare da harshen uwa, Turanci zai zama harshen koyarwa tun daga ajin farko. Ana cikin haka Birtaniya ta ɗaga matakin Turancin da take nema daga masu zuwa aiki a ƙasarta daga B1 zuwa B2, daga Janairun 2026.

Labaran uku sun bar iyaye da matasa da tambayoyi. Yaron da ya zaɓi Sinanci zai gama sakandare yana jin harshen? Mene ne wannan B2 ɗin? Kuma me ya sa ɗalibi yake shekara uku yana Faransanci a ƙaramar sakandare amma ya kasa wuce gaisuwa, alhali ɗan kasuwar da ya zo daga Inugu bai shekara a kasuwar Wuse ba ya fara ciniki da Hausa, har da zolaya?

Abin da ake nufi da "jin harshe"

Bahaushe yakan ce wane yana jin Larabci, ko yana jin Turanci. Kalmar "ji" ɗin nan ta dunƙule abu huɗu: fahimtar abin da aka faɗa, iya mayar da magana, karatu, da rubutu. Ba tare suke tafiya ba. Akwai malamin zaure da zai warware maka shafin fiƙihu kalma bayan kalma, amma in ya sauka Jidda direban tasi ya yi masa magana sai ya tsaya yana kallonsa. Akwai matar aure da ta girma da finafinan Indiya, tana gane rabin hirar da ake yi ba tare da fassara ba, ba ta kuwa san baƙi ɗaya na rubutun Indiyanci ba. Dukkansu suna "ji", kowa ta ƙofarsa.

Masana kuma suna raba harshe na biyu da baƙon harshe. Na biyu shi ne wanda mutum yake karo da shi a titi, a mota, a wurin aiki. Baƙo shi ne wanda ba ya jin sa sai a aji. Hausa harshe na biyu ce ga ɗan kasuwar Wuse, kamar yadda Turancin buroka yake ga matashin da ya zo daga Katsina yana tuƙa babur a Mararaba. Faransancin ɗalibin sakandare kuwa baƙo ne, yana ƙarewa da buga ƙararrawa. Turanci ma ba matsayinsa ɗaya ba a cikin Abuja: ga yaron Gwarinpa harshen gida da talabijin ne, ga yaron ƙauyukan Kwali ko Abaji yana iya zama baƙo kamar Faransancin.

Haruffan A1 zuwa C2 ma'auni ne da ƙasashen Turai suka fitar a 2001, mai matakai shida. Mai A1 yana iya gabatar da kansa, ya tambayi farashi, in an yi masa magana a hankali. Mai B1 zai iya tafiya, ya yi bayanin matsalarsa a asibiti ko a banki, da kurakurai. Mai B2 yana iya zama a taro, ya bi muhawara, ya kare ra'ayinsa, ya rubuta rahoto. Tazarar da ke tsakanin B1 da B2 ta fi wadda ke tsakanin A1 da A2 nisa ƙwarai, shi ya sa ƙarin "mataki ɗaya" da Birtaniya ta yi yake nufin ƙarin watanni na karatu. Jarrabawar DELF ta Faransanci da ta cibiyar Goethe ta Jamusanci duk da wannan ma'auni suke aiki. Sinanci yana da tasa, HSK, wadda a tsarin da aka daɗe ana bi take farawa da kalmomi 150 a matakin farko, ta kai 5,000 a na shida.

Lissafin awoyi

Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta daɗe tana fitar da ƙiyasin lokacin da mai Turanci yake bukata kafin ya iya aiki da wani harshe. A ƙiyasin da aka daɗe ana ambata, Faransanci awa 600 zuwa 750 a aji. Jamusanci kimanin 900. Larabci da Sinanci 2,200. Hausa ma tana cikin jerin, a rukunin awa 1,100. Waɗannan kuwa manya ne da ba su da wani aiki sai karatun, ga malamai, ga aikin gida a kai.

A ƙaddara makaranta ta ba Sinanci darasi biyu a mako, kowane minti 40, na mako 36. Awa 48 ke nan a shekara, awa 144 a shekara uku na babbar sakandare. Ko da malami gwani ne, abin da wannan zai samar shi ne gaisuwa, ƙirga, da 'yan jimloli. Mai manhajar waya da ke yin minti 15 kullum ba fashi zai tara awa 91 a shekara. Yawancin masu cewa "ba ni da kan koyon harshe" ba su taɓa yin wannan lissafi ba. Ɗan kasuwar Wuse yana cikin Hausa awa takwas ko tara a yini. A mako uku ya riga ya tara abin da ɗalibin zai tara a shekara uku, kuma kowace kalma da ya kama kuɗi ce.

Inda Bahaushe ke tuntuɓe, da inda yake da riba

Wancan ƙiyasi na masu Turanci ne. Wahalar harshe tana danganta da inda mai koyo ya taso, kuma nan ne ake yawan yi wa Bahaushe lissafi da ma'aunin wani.

A ɗauki furuci. Hausa ba ta raba "f" da "p" ba, ba ta kuma da "v", shi ya sa aka sami direba da talabijin. Ba ta son baƙaƙe su cunkushe ba wasali a tsakani, shi ya sa aka sami burodi da firamare da sukurudireba. Wannan ɗabi'a tana bin mai koyo zuwa kowane harshe. A Faransanci "port" tashar jiragen ruwa ce, "fort" kuwa mai ƙarfi. Wanda kunnensa bai raba su ba, bakinsa ma ba zai raba ba. Jamusanci, mai tara baƙaƙe uku ko huɗu a jere, ya fi tsananta wannan. Gyaran yana farawa daga kunne: sai an ji bambancin kafin a iya faɗarsa.

A Larabci kuwa Bahaushe da jarinsa yake shiga kasuwa. Sunayen ranakun mako daga Lahadi zuwa Asabar, ƙirga daga ashirin zuwa tamanin, littafi, alƙalami, duniya, labari, lokaci, duk daga can suka zo. Dogon wasali da gajere, wanda yake wahalar da Bature, abin yau da kullum ne gare shi. Shadda ita ce bambancin "baba" da "babba". Hamza tana cikin "sa'a". Rabuwar "kai" da "ke" ita ce "anta" da "anti". Sai dai ribar tana da tarko: kalmar aro takan sauya kama, wani lokaci har ma'ana. "Alƙali" da "farilla" suna nuna yadda kakanni suka mayar da harafin "dad" zuwa "l", kuma wanda ya saba da haka sai ya sake horar da harshensa. Babbar matsalar kuma ita ce Larabcin littafi daban, na titi daban. Ɗalibin da ya tafi Azhar da nahawunsa cikakke zai tarar mutanen Alƙahira suna furta "jim" kamar "g", suna tambayar lafiya da "izzayyak". Kusan sabon koyo ne, ko da yake mai tushe yakan kama da wuri.

Jinsin kalmomi ma haka. Mai Turanci yana mamakin a ce tebur namiji ne ko mace. Bahaushe bai ga abin mamaki ba, tunda ya san riga mace ce, wando namiji. Rana mace ce a Hausa, wata namiji. Haka suke a Larabci, haka a Jamusanci. A Faransanci ne suka juya, rana ta zama namiji, wata mace. Ke nan tunanin jinsi ba baƙo ba ne, aikin da ya rage shi ne haddace kowace kalma da jinsinta. Jamusanci ya ƙara na uku, wanda ba namiji ba mace ba, har kalmar "yarinya" a cikinsa ta faɗa. "Vous" ɗin girmamawa na Faransanci kuwa, duk yaron da aka hana ce wa babba "kai" ya riga ya san shi.

Abin da aka fi tsorata mutane da shi a Sinanci shi ne karin sauti: gaɓar "ma" tana iya zama uwa, ko doki, ko zagi, gwargwadon yadda murya ta hau ko ta sauka. Hausa ma da karin sauti take aiki. Kukan yaro da kukar miya, wuyan riga da wuyar aiki, murya ce take raba su. Da yake ba a rubuta karin a boko, Hausawa da yawa ba su san suna da shi ba. Karin Hausa sama ne da ƙasa da mai faɗuwa. Na Sinanci huɗu ne, ciki har da mai hawa da mai nutsewa ya taso, waɗanda sai an koya. Amma kunnen da ya saba da cewa murya tana sauya ma'ana ya riga ya yi rabin tafiya. Nahawun Sinanci ma bai da jinsi, aikatau ba ya sauya siga. Inda gizo ke saƙar shi ne rubutu: ana bukatar alamomi 2,000 zuwa 3,000 kafin a karanta jarida. Tsarin Pinyin, mai rubuta harshen da haruffan boko, yana taimaka wa mai son magana kawai, irin ɗan kasuwar Dei-Dei da ke sayo kaya daga Guangzhou.

Duk wannan riba takan salwanta saboda dalili ɗaya. Littattafai da manhajojin waya kusan duka ta Turanci suke koyarwa. Bahaushe yana ɗaukar kalmar Faransanci, ya kai ta Turanci, sannan ya sauke ta a Hausa, dako biyu a kaya ɗaya. Littafin zai ɓata shafuka yana bayanin abin da ya riga ya sani, kamar jinsi, ya tsallake abin da yake bukata, kamar raba "p" da "f". Wanda Turancinsa bai nuna ba yana koyon harshe biyu ne a lokaci guda, yana zaton ɗaya ne ya gagare shi.

Shekaru da kunya

"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi" ita ce hujjar da manya suke kafawa. Akwai gaskiya a ciki ta fuskar furuci: wanda ya fara bayan balaga da wuya ya rabu da karin harshensa. Wani bincike da aka wallafa a 2018, wanda ya duba amsoshin mutane kusan 670,000, ya nuna ƙarfin kama nahawu yana nan daram har kusan shekara 17 ko 18, sannan ya fara raguwa. Raguwa ce, ƙofar ba ta rufe ba. A watannin farko ma babba yakan riga yaro, don ya iya karatu da tsara lokacinsa.

Abin da yaro ya fi babba da shi shi ne rashin jin nauyi. Magidanci mai mutunci a unguwa, ko hajiya mai surukai, ba sa son a ji suna in'ina kamar 'yan aji ɗaya. Al'adar dariyar wanda ya yi ɓarin Turanci, wadda aka ɗauko daga makarantun kwana ta koma Facebook, ta sa da yawa sun zaɓi shiru. Abin lura, ba a yi wa Bayarabe ko Ibo mai koyon Hausa irin wannan; yabonsa ake yi, a ƙara masa gyara a mudu.

Hanyoyin da masu koyo ke bi

Tsohuwar hanya ita ce nahawu da fassara: a haddace ƙa'ida, a yi i'irabi, a fassara jimla. Da ita zaure ya fitar da malamai masu karanta manyan littattafai, da ita kuma makarantun boko suke koyar da Faransanci. Tana gina karatu da rubutu mai inganci. Rauninta shi ne mai ita yakan tsaya tsakiyar magana yana neman ƙa'ida, abokin hira ya gaji ya tafi.

A shekarun 1980 masanin harshe Stephen Krashen ya yaɗa ra'ayin cewa harshe yana shiga ne ta yawan ji da karanta abin da mutum yake ganewa, wanda ya ɗan ɗara matakinsa kaɗan. Masu Indiyancin fim hujja ce a gare shi. Sharaɗin shi ne ganewa: wanda ya kunna rediyon Faransa a ranar farko ba ya gane komai, hayaniya kawai yake ji. Merrill Swain, wadda ta yi nazarin yaran Kanada da aka koyar da su darussa cikin Faransanci, ta lura a 1985 cewa suna ji sosai amma maganarsu da rubutunsu cike suke da kurakurai. Ta ce sai an tilasta wa mutum buɗe baki yake gano gibin da ke cikin iliminsa. Yawancin malaman yau sun haɗa ra'ayoyin biyu, saɓanin da ya rage shi ne yaushe za a fara magana da kuma yawan nahawun da za a zuba.

Batun mantuwa kuwa, Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885 cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri a kwanakin farko, kuma maimaici a lokuta masu tazara yana riƙe shi. Manhajar Anki a kan wannan aka gina ta: kalmar da ka sani sai a jinkirta dawo maka da ita, wadda ka manta a dawo da ita gobe. Almajirin tsangaya ba zai ga sabon abu a nan ba. Ba a wanke allo sai an biya, ba a ƙari sai na baya ya zauna, kuma gardi yana tilawa don kada tsohon karatu ya gudu. Bambancin shi ne harshe ba nassi ba ne da za a mayar yadda aka karɓa. Haddar jimla gaba ɗaya ta fi haddar kalma tsirara amfani, don jimla tana zuwa da jinsinta da karinta da wurin da ake faɗarta.

Manhajoji irin Duolingo suna da amfanin sa mutum ya riƙa leƙa karatu kullum. Masu sukarsu suna cewa ƙirga kwanakin da ba a yi fashi ba yakan zama shi ne burin, mutum ya cika shekara bai taɓa hira da ɗan Adam ba. Ma'aikatan da ke kwana a Nyanya ko Kubwa suna aiki a cikin gari suna da wata dama da ba a cika lissafawa ba: awa biyu ko fiye a cunkoson motoci kullum, wanda in aka sauke darussan sauti tun a inda ake da intanet zai haura awa 400 a shekara. Masu bin wannan hanya sukan haɗa da abokin hira. Abuja ba ta rasa su ba: ga 'yan Nijar da Togo da Benin a kasuwanni da wuraren gini, ga hedikwatar ECOWAS a Asokoro mai aiki da Turanci da Faransanci da harshen Fotugal, ga cibiyar Faransa a Wuse 2 da cibiyar al'adun Sin masu azuzuwa.

Muhawarar harshen koyarwa

Gwamnati ta kafa hujjar soke tsarin 2022 da yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, tana cewa yankunan da suka rungumi harshen uwa sun fi shan kaye, kuma da Turanci ake jarrabawar. Masu goyon bayanta suna ƙara da cewa a gari irin Abuja, inda aji ɗaya yake da Gbagyi da Bahaushe da Tibi da Ibo, harshen uwar wa za a ɗauka? Masu adawa suna cewa tsarin bai taɓa aiki ba balle a auna shi, tunda ba a buga littattafai ba, ba a horar da malamai ba, kuma yaran da aka fara da su ba su ma kai shekarun WAEC ba. Suna kafa hujja da matsayin UNESCO cewa yaron da ya fara iya karatu da harshen da yake ji ya fi saurin kama na biyu. Maƙwabciya Nijar ta bi wata hanyar a 2025, ta ayyana Hausa harshen ƙasa, ta bar Faransanci a matsayin harshen aiki.

Ɓangarorin biyu sun yarda yaro yana bukatar Turanci. Rigimar a kan hanyar isa gare shi ce. Kuma amsar tana shafar Sinanci da Faransanci kai tsaye, tunda ta Turancin za a koyar da su.

Abin da zai iso ga mutane

Sanya harshe a manhaja abu ɗaya ne, samun mai koyar da shi wani abu ne. A 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci harshen hukuma na biyu, ga kuma ƙauyen koyon Faransanci a Badagry tun 1991, da na Larabci da aka kafa a Ngala ta jihar Borno, inda ɗaliban jami'a suke zuwa zaman nutsewa cikin harshen. Kusan shekara talatin bayan sanarwar, makarantun gwamnati da yawa ba su da malamin Faransanci. Sinanci ya fi shi ƙarancin malamai nesa: cibiyoyin Confucius masu koyar da Sinanci guda biyu da aka sani suna Jami'ar Nnamdi Azikiwe a Awka da Jami'ar Legas. Alamu na nuna makarantun kuɗi da 'yan makarantun gwamnati na tsakiyar Abuja ne za su fara, na karkara su ga sunan darasin a takarda kawai.

Ga masu neman fita waje, nauyin a aljihu zai sauka. B2 yana nufin ƙarin kuɗin darasi, da yiwuwar zama jarrabawar Turanci ta IELTS fiye da sau ɗaya, kuma kuɗinta yana bin canjin kuɗin waje. Jamus tana neman A1 daga mafi yawan masu bin miji ko mata, B1 ga mai neman zama ɗan ƙasa, ma'aikatan jinya kuma galibi B2. Duk mai tallar "Jamusanci cikin wata uku" ana iya tambayarsa matakin da yake nufi da adadin awoyin aji; wata uku na iya kai mai himma A1 ko A2, ba B2 ba.

Akwai kuma waɗanda ba takarda suke nema ba. Tun da kamfanin CCECC ya gina layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, ayyukan gine-gine na kamfanonin Sin suke bukatar tafinta tsakanin injiniyoyi da leburori, kuma leburorin da yawa Hausa suke ji. Tafintan da zai ɗauko magana daga Sinanci ya sauke ta a Hausa ba tare da ya ratsa ta Turanci ba shi ne wanda aka fi nema a irin wannan fili, kuma manhajar sakandaren da aka fitar ba ta tanadi horar da shi ba.